Na ba masu "gini mai kare muhalli" aikin gidana a hanyar Gwarzo, ga yadda ta kaya tsakaninsu da birkiloli

Tun da na tare a gidan nan kusan kullum sai wani ya tsaya da mashin ya tambaye ni, malam wannan jan bulon ina ka samo shi, me ya sa ba ka yi filasta ba, kuɗi ne suka ƙare? To bari in amsa gaba ɗaya in huta. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba saboda zan faɗi mai daɗi in faɗi mara daɗi, kuma har gobe muna gaisawa da su. Ƙaramin kamfani ne dai a nan Kano mai gini da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, injiniya ɗaya matashi, da wata baiwar Allah mai zanen gini, da foman, sai injin buga bulo da yara huɗu masu aiki da shi.

Ni dai gaskiya ba don muhalli na je wajensu ba, siminti ne ya koro ni. Duk wanda ya taɓa gini a farkon 2024 ya san me nake nufi, a watan Fabrairu buhu ya haura naira dubu 10 a wasu wuraren, har sai da ministan ayyuka David Umahi ya zauna da su Dangote da BUA da Lafarge aka ce an daidaita a kan dubu 7 zuwa 8, amma ka je wajen dila ka gaya masa haka ya yi maka kallon wanda ya sha wani abu. A lokacin na riga na gama fandisho na zuba jamanfulo da bulon siminti na yau da kullum, a wajen Janguza filin yake, ɗaki uku da falo, na zauna na buga lissafin bulon da ya rage da simintin ɗori da na filasta ciki da waje na ga idan na ci gaba a haka sai dai jikokina su ƙarasa. Wani abokin aikina ne ya haɗa ni da su.

Ranar farko injiniyan ya buɗe kwamfuta ya dinga yi min bayani, wai siminti kaɗai ke fitar da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar carbon da ke ɗumama duniya, saboda dutsen da ake yin sa da shi sai an ƙona shi a wuta mai zafin maki kusan 1,450, ga man da aka ƙona ga kuma iskar da dutsen kansa yake saki. Ya nuna min hoton masallaci da ɗakin karatu na garin Dandaji a Nijar wanda Mariam Kamara da abokiyar aikinta suka yi da irin wannan bulon, ya nuna min makarantar Gando ta Francis Kéré a Burkina Faso, mutumin da ya ci babbar lambar yabo ta masu zanen gini a 2022. Na ce Injiniya duk na ji, nawa zan rage? Ya yi dariya ya ce Alhaji kowa haka yake tambaya, tun da ya fara aikin nan bai taɓa samun mai gidan da ya fara da maganar muhalli ba.

Bulon kansa ba wani sihiri a ciki. Jar ƙasa ce irin ta burji, a tankaɗe ta da babbar rariya a cire duwatsu, a zuba siminti kaɗan, su ma'auninsu kwano ɗaya na siminti ne cikin kwano goma sha wani abu na ƙasa, a yayyafa ruwa kaɗan yadda in ka dunƙule a hannu zai kama amma ba zai jiƙa maka tafi ba, sai injin ya matse shi da ƙarfi ya fito da shi da tudu a sama da rami a ƙasa, ɗaya yana shiga cikin ɗaya, shi ya sa in an wuce layukan farko ba a sa kwaɓi tsakaninsu sai an zo kusa da linta. Mutane suna ce masa Hydraform ko da wane inji aka buga shi, sunan wani kamfanin Afirka ta Kudu ne da ya shahara da injin, kamar yadda muke ce wa kowane garin wanki Omo. Cibiyar binciken gini da hanyoyi ta tarayya, NBRRI, ita ma tana ƙera irin injin a nan gida. Wannan ɓangaren na buga bulo ba ni da abin cewa, yaran sun iya, bulon ya fito sumul, gefensa kamar an yanka da wuƙa.

Rigimar ta fara ne daga sharaɗin da na kafa musu, na ce birkilolina ne za su yi ɗori. Akwai wani dattijo da muke ce wa Baba wanda ya gina gidan mahaifinmu, shi ya yi min fandisho, ba yadda za a yi in sallame shi rana tsaka in kawo baƙi, da wane ido zan kalle shi a masallaci. Suka yarda, suka ce foman zai koya musu cikin kwana biyu.

Baba ya zo ya ɗauki bulo ɗaya ya jujjuya shi ya ƙwanƙwasa da bayan cokali ya saurara, ya ce to yaro wannan ai tubali ne ya yi boko. Kowa ya yi dariya har injiniyan. Amma da aka zo maganar kuɗi dariya ta ɗauke. Birkila a garin nan da yawa jinga yake yi, ko dai a ƙirga masa bulon da ya ɗora ko a yi cinikin gini zuwa linta, kuma hannunsa ya saba da bulo mai inci tara wanda guda 10 sun cike mita ɗaya tsawo da faɗi, shi kuwa wannan sai ka ɗora kusan 40 kafin ka cike wurin, ga shi ba kwaɓin da za ka ɓoye kuskure a ciki, da bulon siminti in layi ya ɗan karkace ka ƙara kwaɓi a nan ka rage a can gobe mai filasta ya rufe maka asiri, wannan kuwa in layin farko ya kauce da kaurin ƙwayar shinkafa zai bi ka har linta kuma duk mai wucewa zai gani. Kamfanin sun zo da farashinsu a rubuce wanda suka lissafa da saurin yaransu da suka shekara suna yi. Kwana uku na farko mutanen Baba suka ɗora, foman ya zo da igiya ya sa aka sauke layi huɗu, suka sake ɗorawa ya sake sa aka sauke biyu, da yamma da aka yi lissafi abin da kowa ya samu bai kai rabin abin da ya saba kaiwa gida ba. Rana ta huɗu mutum biyu ba su zo ba.

A nan ne na fara ganin inda kamfanin suke da rauni. Suna da tsari a takarda mai kyau, jadawalin aiki, inda za a zuba shara, yawan ruwan da za a yi amfani da shi kowace rana, amma ko layi ɗaya ba su rubuta ba a kan wa zai ɗauki asarar kwanakin koyo. Foman ya ce min wai mutanen nan ba sa son ci gaba ne, sun fi son abin da suka saba. Na ce masa malam mutumin da zai koma gida da yamma a tambaye shi kuɗin cefane ba ci gaba ne ba ya so. Ni na yanke hukunci aka koma kuɗin yini na mako biyu, daga aljihuna, kuma wallahi kafin makon farko ya ƙare ɗaya daga cikin yaran Baba, wani siriri mai shiru-shiru, ya fi yaran kamfanin ma tsaftar layi, yana ɗorawa yana share kan bulon da buroshi yana ɗan bubbugawa da gudumar roba kamar mai lallashin jariri.

Sai rigima ta biyu, wadda ni ma ban hango ta ba. Cikin tsarinsu na kare muhalli akwai cewa ba a barin komai ya lalace a wurin aiki, suka kawo durom uku, na guntun rodi da ƙusa, na buhunan siminti, na leda da sauran tarkace, katakon da aka cire daga linta kuma a cire masa ƙusa a jera su tafi da shi wani aikin. Da ka ji ka ce madalla. To amma duk wanda ya san wajen gini ya san waɗannan abubuwan suna da masu su tun fil azal. Guntun rodi da lanƙwasasshiyar ƙusa na leburori ne, su tara su sayar wa 'yan gwangwan a kilo, buhun siminti a kakkaɓe a ɗaure a sayar, masu gawayi da masu yashi da masu ɗinka tabarmar buhu duk suna so, ɓallin katako kuma mai abincin da ke ba su bashi take kaiwa murhu. Ba wanda ya rubuta wannan a ko'ina amma kowa ya sani, wani ɓangare ne na ladan lebura. Ranar da motar kamfani ta zo ta kwashe durom ɗin rodi wani lebura ya tsaya riƙe da kwanon sarki yana kallo, da na matso ya ce min Alhaji su wai gyaran duniya suke yi, mu da muke tsince shi tun da can ɓata ta muke yi? Ban samu amsar da zan ba shi ba, don iyakar gaskiyarsa ke nan, ni ban taɓa ganin guntun rodi ya kwana uku a ƙasa a wajen gini a Kano ba, ƙarfen nan dama can komawa yake a narka shi, abin da ya canza kawai aljihun da kuɗin ke shiga. Na yi wa injiniyan magana, ya yi shiru ya ce wallahi bai taɓa kallon abin ta nan ba, daga ranar aka ci gaba da tarawa a durom amma ranar Alhamis leburori su sayar su raba. Na yaba masa a nan, ba shi da girman kai, in ka nuna masa yana ɗauka. Foman ɗin ne dai har aka gama yana ƙunƙuni.

Maganar ruwa kuwa su suka yi gaskiya, mutanena suka sha kunya. Bulon in an buga sai an jera shi an lulluɓe da baƙar leda ana ba shi ruwa safe da yamma na aƙalla mako guda, sannan a bar shi ya ƙara kwanaki kafin a ɗora, kuma aikin ya faɗo cikin azumi, Maris zuwa Afrilu, zafin da kowa ya tuna, ana fara aiki bayan asuba a tashi kafin azahar. Yaron da aka ba shayarwar yamma ya yi kwana biyu bai zo ba bai gaya wa kowa ba, wai ai bulo ne, a gidajen bulo ma wa yake ba shi ruwan kirki. Da aka buɗe ledar layin nan gefensa yana marmashewa in ka murza da yatsa. Injiniyan ya ware su gaba ɗaya ya ce ba za su hau bango ba, aka farfasa aka yi ciko da su, ni na ji zafin abin a raina amma da na tuna irin bulon da ake sayar mana a bakin titi wanda tun a kan tifa yake fara rasa kunnuwa sai na yi shiru. Kuma ledar tana rage shan ruwa sosai, tankar da na yi zaton za mu saya sau shida sau huɗu muka saya.

Hirar da ta fi tsaya min a rai ta bayan sallah ce, muna zaune a inuwar katanga ana cin rake, injiniyan ya sake ɗauko zancen hayaƙin siminti da yashin da ake kwasa daga kogin Challawa har gaɓa tana zaftarewa. Baba ya bar shi ya gama tsaf sannan ya ce Injiniya, ita wannan jar ƙasar taka daga sama ta faɗo? Ya ce a'a Baba, daga ramin burji. Ya ce to ramin nan in damina ta zo me zai zama? Kududdufi. Ya ce duk kududdufin da ka gani a cikin birni ƙasar da ke cikinsa tana jikin gidajen unguwar ne da ganuwa, kakanninmu sun yi wannan tun kafin a haifi siminti, sun samu sanyin ɗaki sun kuma samu sauro da ramin da yake cin yara duk shekara, kowane gini da abin da yake ci, kai dai ka ce naka ya fi sauƙin ci. Injiniyan ya ce haka ne Baba, ya fi sauƙin ci, ban ce ba ya ci ba. Ni ina ganin da da wannan maganar suka fara tun ranar farko da an rage rabin gardamar, don abin da ke ba mutanen nan haushi shi ne yaro ya zo da kwamfuta yana yi musu wa'azin ƙasa kamar su ba jikokin masu tubali da makuba da azara ba ne, alhali masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina tun ƙarni na 19 da ƙasa aka yi shi.

Su matasan ciki ra'ayinsu daban, su abin da ya dame su kasuwa. Ɗaya ya ce min shi zai koya don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in siminti ya sake hauka yana da abin yi, amma ba ya jin mutanen gari za su karɓa, don mai kuɗi so yake a ga ya kashe kuɗi, talaka kuma gudun a ce gidan ƙasa ya gina yake yi bayan shekara ashirin yana tara kuɗin bulo. Wannan ma na gani a cikin gidana, uwargida sai da ta ce ita fa falo da ɗakuna sai an shafe an yi fenti, ba za ƙawayenta su zo su ce ba a gama gida aka tare ba, haka aka yi, waje kawai muka bari. Mai filasta kuwa ko gaisuwar injiniyan ba ya amsawa da kyau, kuma ban ga laifinsa ba, rabin aikinsa aka cinye. Mai wayarin da falamba su ma sun sha faɗa da foman, sun saba a gama bango su zo da kurfi da guduma su sassare shi su binne fayif, nan kuwa an ce kowane fayif sai an san hanyarsa tun kafin a ɗora, wurin da dole a yanka sai da giranda, kuma kamfanin ba su kira su zama tun farko ba sai da bango ya kai taga, wannan sakacinsu ne ba na kowa ba, ya jawo min soket biyu a inda ban so ba.

Akwai kuma wani ɗan uwana injiniyan gine-gine da ke aiki da 'yan kwangilar gwamnati, da ya zo gani ya zagaya ya ce shi ba ya jayayya da bulon in an gwada ƙarfinsa, kuma sun gwada ɗin, sun kai samfuri an matse a inji sun kawo min takarda, amma ya ce a irin aikinsu ba mai saka wannan a takardar kwangila don ba wanda zai biya ka ladan simintin da ka rage, kuɗin ma a jikin simintin yake. Na bar wannan a nan.

Babban abin da nake riƙe da su a kai shi ne bangon gabas. Tun ana linta Baba ya ce wa mai zanen, 'yata bangon nan na gabas ku shafe shi ko ku sauko da bakin kwano sosai, hadarin garin nan daga gabas yake tasowa da iska, ruwan a kwance yake zuwa. Ta ce an shafa masa maganin hana shan ruwa ya isa, kuma filasta za ta ɓata kyan ginin. Na bi tata don ita ce mai takarda. Ruwan watan Agusta na 2024 da ya zo sai ga danshi ya ɓullo ta cikin ɗakin yara, fenti ya kumbura ya fara ɓarewa, ta wajen kuma layukan ƙasa inda ruwan indararo ke fallatsa sun yi duhu. Bangon bai tsage ba, bai zauna ba, amma dai abin da dattijon ya faɗa ne ya faru. Na kira su sun zo sun duba sun amsa laifi, sai dai daga amsawar zuwa turo ma'aikaci sai da na yi wata biyu ina bugun waya, a ƙarshe Baba na kira ya shafe bangon daga ƙasa zuwa ƙugu, ko uffan bai ce ba a kan maganar, wanda ya fi min ciwo a kan a ce ya yi gori.

Kuɗi fa? Na rage, amma ba yadda suka zana min a kwamfuta ba. Simintin ɗori da na filastar waje da fentin waje duk na tsira, sai kuɗin yinin koyo da jigilar inji da man gas ɗinsa da bulon da aka fasa da gyaran gabas suka ci wani abu daga ciki, in na haɗa duka zan ce na samu sauƙin da ya sa na iya yin rufi a shekarar maimakon in jira wata. In ginin ka ɗaki ɗaya ne ko shago kar ka wahalar da kanka, kuɗin kawo injin kaɗai zai cinye ribar, haka in filinka nesa yake da inda ake samun jar ƙasa mai kyau, kuɗin tifa zai rama wa siminti. Inda ban yi nadama ba ko kaɗan shi ne zafi. Bazarar da ta wuce da rana tsaka ba wuta, ka shigo falon nan ka ji kamar ka shiga soron kakanni, bangon ba ya ɗaukar zafi da wuri irin na bulon siminti mai rami, sai dai da daddare yakan ɗan riƙe ɗumi sai an buɗe tagogi, su ma tagogin mai zanen ta jera su suna kallon juna iska tana ratsawa, a nan kam ta burge ni.

Zan sake ba su aiki in Allah ya hore, katangar baya ma nake tunani, amma wannan karon kafin a sauke tifar farko sai mun zauna da birkila da mai wayarin da falamba an yi maganar kuɗin kwanakin koyo da na wa ye guntun rodi, kuma kuɗin ƙarshe ba zan cika ba sai damina ta wuce. Siririn yaron nan na Baba yanzu yana tare da su, sun ɗauke shi, an ce har Dutse suka je da shi wani aiki. Ragowar bulo ɗari da wani abu da suka rage kuwa Baba ne ya roƙe ni, ya turo mai kura ya kwashe, da na tambaye shi me zai yi da tubalin boko ya ce akurkin kaji.